Yadda Halittu Ke Hayayyafa: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani

Duk mai rai kwanansa ƙidayayye ne, don haka babu jinsin da zai ɗore sai yana hayayyafa. Masana ilimin halittu sun kasa hayayyafa gida biyu: wadda uwa ɗaya ta wadatar, da wadda sai ƙwayar namiji ta haɗu da ta mace.

Ta farko ta fi sauri. Bakteriya ƙwayar halitta ɗaya ce tak, kuma rabewa take yi gida biyu. Nau'in da ake kira E. coli, in ya sami abinci da ɗumi, yakan rabe duk minti 20, ta yadda cikin awa 7 guda ɗaya za ta haura miliyan 2. Shi ya sa miyar da ba a ɗumama ba lokacin zafi take lalacewa kafin gari ya waye. Yis ɗin da ake kwaɓa fulawa da shi kuwa, ɗan ƙullutu ne ke fito masa a jiki, ya girma ya ɓalle. Tsirrai ma suna bin wannan hanya. Manomin rogo ba iri yake shukawa ba, kara yake sarawa ya dasa. Haka rake, haka ayaba da 'ya'yan da ke tsirowa a gindinta.

Sai dai abin da aka samu ta nan kwafin uwar ne sak, har da rauninta. Cutar da ta iya kayar da ɗaya za ta iya share gona. Haka ta faru da ayabar Gros Michel, wadda cutar Panama ta durƙusar da nomanta a Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950, dole kamfanoni suka koma nau'in Cavendish.

A hanya ta biyu, kowane ɓangare rabi yake kawowa. Ƙwayar jikin ɗan Adam tana da kuromosom 46. Maniyyi na ɗauke da 23, ƙwan mace 23. Kafin a kai ga haka ana cakuɗa gadon, abin da ya sa wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ba sa zama daidai. Wannan bambanci shi ne ribar: in annoba ta zo, akan sami masu jurewa. Kwaɗi a cikin ruwa ƙwayoyinsu ke haɗuwa, bayan macen ta zuba ƙwai. A tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, a cikin jikin mace ake haɗuwar. Kaza takan yi ƙwai ko babu zakara, amma ko ta cika kwana 21 tana kwanci a kansa ba zai ƙyanƙyashe ba.

A ganina, babu wurin da ake fahimtar darasin nan kamar gonar masara. Furen da ke saman kara shi ne namijin, shi ke zubar da gari mai launin rawaya da iska ke kwasa. Gemun da ke bakin goyo kuwa na ɓangaren mace ne, kuma kowane zare ɗaya yana kaiwa ga ƙwaya ɗaya. Zaren da garin bai sauka a kansa ba, gurbinsa fanko zai kasance. In kun ɓare masara kuka ga giɓi, sau da yawa dalilin ke nan.

Abu ɗaya ku kiyaye a jarrabawa: saukar garin fure a kan gemu mataki ne daban, haɗuwar ƙwayoyin biyu a can ciki mataki ne daban. Na farko yana iya aukuwa ba tare da na biyu ya biyo baya ba.