Dokar Amurka Ta Hana Wasa Da 'Ya'yan Zaki

Ran 20 ga watan Disamba, 1922 ba a san da irin wannan doka ba, amma a rana irin ta cikin shekarar 2022 Shugaba Joe Biden na Amurka ya sa hannu a kan dokar da ta haramta wa mutum ya ajiye zaki ko damisa ko danginsu a gidansa. Waɗanda suka riga suka mallaka an bar musu nasu, bisa sharaɗin su yi musu rajista cikin kwana 180, kuma kada su sayi wasu ko su bar su su hayayyafa.

Abin da ya faru a garin Zanesville na Jihar Ohio cikin watan Oktoba, 2011, yana cikin dalilan da suka jawo dokar. Wani mutum ya buɗe kejinan namun dajin da yake kiwo, sa'an nan ya kashe kansa. Tilas 'yan sanda suka harbe kusan 50, cikinsu har da zakuna 17 da damisoshin Asiya masu ratsi 18.

Sashen dokar da ya fi shafar gidajen namun daji shi ne wanda ya hana 'yan kallo taɓa waɗannan dabbobi. A da, wasu masu nuni sukan karɓi kuɗi su miƙa wa mutum ɗan zaki ya rungume a ɗauke shi hoto, suna cewa ilmantarwa ce. Amma makonni kaɗan ɗan zaki yake yi ya fi ƙarfin runguma, don haka sai su yi ta sa iyayen haihuwa. Waɗanda suka girma kuwa sukan ƙare a ƙuntataccen keji a bayan gidan wani.

Yanzu gidan da ke da lasisin nuni yana iya ci gaba da koyar da ɗalibai, amma dole a bar tazarar ƙafa 15 tsakanin dabba da jama'a, sai fa in akwai shinge na dindindin. Wanda ya karya dokar yana iya fuskantar tarar dala 20,000 ko ɗaurin shekara 5.

Watau dai dokar ba ta rufe ƙofar ilmi ba. Ɗalibi yana iya sanin halin zaki da ido da kunne, ba sai ya kai hannu ba.