Motoci masu turbo: Yadda wurin ɗaura na'urar auna iska ke raya inji ko ya kashe shi

Motoci masu turbo sun yawaita a titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Akasarinsu na hannu ne da aka shigo da su ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, wasu kuma ƴan ƙasa mazauna waje ne ke turo wa iyalansu. Da zuwansu, wasu koke-koke suka yawaita a gareji: mota ta fara shan mai fiye da kima, tana baƙin hayaƙi, ko ta mutu da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur.

Abin da aka fi saurin ɗora wa laifi shi ne wata ƴar na'ura da ba ta wuce dunƙulen hannu ba, wadda makanikai ke kira debimetir, takardun mota kuma ke rubuta ta da MAF. Sai a cire ta, a sayo wata, matsalar kuma tana nan. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Wurin da aka ɗaura ta ne, ko bututun da ke kewaye da ita, ke sa ta ba da lissafin ƙarya.

Aikin da take yi

Injin fetur yana buƙatar iska da mai daidai gwargwado. Don mai ya ƙone sarai, kowane giram 1 na fetur na buƙatar iska kusan giram 14.7. Ƙwaƙwalwar mota, wadda ake kira kalkilatar, ita ke yanke yawan man da za a fesa, amma ba za ta iya ba sai an gaya mata yawan iskar da ta shigo. Wannan shi ne aikin debimetir.

A cikinta akwai siririyar waya ko wani ɗan faranti da lantarki ke zafafawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya shi, na'urar kuma tana ƙara wuta don zafin ya tsaya yadda yake. Gwargwadon wutar da aka ƙara, gwargwadon nauyin iskar da ta wuce. Kamfanin Bosch na Jamus ya fara sa irin wannan a motoci tun farkon shekarun 1980.

Auna nauyi yana da muhimmanci a ƙasa mai zafi irin Nijar. Iska mai zafin digiri 45 ta fi mai digiri 15 rashin nauyi da kusan kashi 10 cikin 100. Ke nan cikin watan Afrilu da tsakar rana, inji yana cika silinda da iska kamar kullum, amma abin da ke cikinta na ƙona mai ya ragu. Na'urar ce ke sanar da ƙwaƙwalwa ta rage mai daidai da haka.

Abin da turbo ya canza

A motar da ba ta da turbo, hanyar iska gajera ce: daga filta zuwa debimetir, daga nan zuwa ƙofar totur, sai inji. Turbo, wanda injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, yana tsawaita hanyar. Hayaƙin salansa ne ke juya farfelarsa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ɗayar farfelar kuma ta tsotso iska ta matse ta. Matsewar tana sa iskar zafi, har ta kan wuce digiri 100, shi ya sa ake bi da ita ta wani lagireto na iska da ake kira intakula kafin ta isa inji.

Doguwar hanyar nan ta ba da wurare biyu da za a iya ɗaura na'urar: kafin turbo, inda ake tsotsar iska, ko bayan intakula, inda ake tura ta da ƙarfi. Ƙa'idar dai ɗaya ce a duka biyun. Duk iskar da za ta shiga inji dole ta bi ta cikin na'urar, sau ɗaya tak, kuma duk wadda aka ƙidaya dole ta isa inji.

Kafin turbo: zaɓin masana'anta

Yawancin kamfanoni suna ɗaura ta ne tsakanin akwatin filta da bakin turbo. Haka take a injunan 1.8T da 1.9 TDI na Volkswagen, da 2.0 HDi na Peugeot, da Subaru WRX. A nan iskar ba ta da zafi sosai, ba a matse take ba, kuma baƙin mai bai taɓa ta ba, don haka lissafin yana fita daidai kuma na'urar tana daɗewa.

Raunin wannan wuri shi ne nisan da ke tsakanin na'urar da inji. Idan tiyon da ke tsakaninta da turbo ya tsage, iska za ta shiga ta ɓarauniyar hanya ba tare da an ƙidaya ta ba, mai ya yi kaɗan, mota ta kasa riƙe silo. Idan kuma bayan turbo ne maɗauri ya saki ko intakula ta huje, iskar da aka riga aka ƙidaya ce za ta tsere. Ƙwaƙwalwa za ta fesa man iskar da ba ta iso ba, sai baƙin hayaƙi, rashin ƙarfi da ƙarewar mai da wuri.

A nan ne wani ado da matasa ke so ke jawo matsala. Lokacin da direba ya ɗaga ƙafa don canza giya, ƙofar totur tana rufewa alhali turbo na ci gaba da turo iska. A injin fetur, masana'anta kan sa wani bawul da ke mayar da wannan iska cikin bututu, bayan na'urar amma kafin turbo, don kada lissafi ya ɓaci. Wasu suna cire shi su sa wanda ke fesar da iskar waje, saboda ƙarar tsaki da yake yi kamar motar tsere. To amma iskar da aka fesar an riga an ƙidaya ta. Sakamakon haka mai yana yin yawa a kowane canjin giya, fulogi su yi baƙi, salansa ta riƙa harbi, wani lokaci motar ta mutu a tsakiyar mahaɗar hanya.

Ko da bawul na asali ne, bakin tiyon da ke dawo da iskar ya kamata ya kalli turbo kuma ya ɗan yi nesa da na'urar. In ya kalle ta, iskar za ta koma baya ta bi ta kan wayar, a sake ƙidaya abin da aka riga aka ƙidaya.

Bayan intakula: zaɓin masu gyare-gyare

Masu ƙara wa mota ƙarfi, ko masu ɗora turbo a injin da bai zo da shi ba, kan mayar da na'urar gab da ƙofar totur. Hujjarsu tana da ƙarfi: tana auna iskar da ke shiga inji kai tsaye, ɗigon da ya faru a baya bai shafi lissafi ba, kuma bawul mai fesarwa waje ba ya ɓata komai matuƙar yana kafin na'urar. In aka sa shi bayanta, an koma gidan jiya.

Sai dai akwai farashi. A wannan wuri iskar a matse take, kuma tana ɗauke da ɗan tururin baƙin mai daga turbo da numfashin inji, wanda ke manne wa wayar ya rage mata ji. Gidan na'urar na roba ne da aka ƙera don tsotso, yana iya tsagewa ko ya fizge daga tiyo idan matsi ya yi yawa. Uwa uba, ƙwaƙwalwar motar an koya mata karatun na'urar ne a wurinta na asali. Duk wanda ya canza wurin ba tare da an sake saita ƙwaƙwalwar da kwamfuta da na'urar auna hayaƙi ba, caca yake da injinsa.

Faɗin bututu da miƙewarsa

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda ido ba ya gani. Na'urar ba ta auna iskar bututu gaba ɗaya, ɗan kaɗan take ɗanɗanawa, ƙwaƙwalwa ta ninka bisa faɗin bututun da ta sani. Idan aka zare ta daga bututu mai milimita 70 aka soka a mai milimita 80, hanyar iska ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, amma ƙwaƙwalwa ba ta da labari. Za ta ba da mai kaɗan ga iska mai yawa. A silo motar na iya daurewa. A kan doguwar hanya kamar ta Maraɗi zuwa Damagaram, da zafin rana da turbo a buɗe, ƙarancin mai yana ɗaga zafin silinda, inji ya fara ƙwanƙwasa, har fistin ya narke. Garin neman gira an rasa ido.

Haka nan na'urar tana son iska mai tafiya a miƙe. In aka manna ta da gwiwar bututu ko bakin turbo, iskar na zuwa tana juyi, karatun ya riƙa hawa da sauka. Ragar da ke bakinta an sa ta ne don daidaita tafiyar iskar, cire ta ba ya ƙara wa mota gudu. Akwai kuma kibiya a jikin gidanta da ke nuna inda iska ke nufa. Bayan wanke inji ko canjin filta, ya kamata a duba ba a juya ta ba.

A injin gazuwal aikinta ya ɗan bambanta. Ƙwaƙwalwa na amfani da karatunta wajen sarrafa bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji, da kuma taƙaita mai don kada hayaƙi ya yi yawa. Shi ya sa idan ta yi datti, alamar farko ita ce motar ta yi nauyi, ta kasa hawan tudu ko wuce babbar mota.

Ƙurar hunturu

Motar da ta yi rayuwarta a Beljiyam ko Faransa ba ta taɓa shaƙar ƙura irin ta watannin Disamba zuwa Fabrairu a Sahel ba. Filtar takarda ce kaɗai ke tsakanin wannan ƙura da wayar na'urar. Al'adar hure filta da iskar kwamfireso tana iya buɗe ƙananan huji a takardar, ƙura ta wuce ta lulluɓe wayar, ta kuma ci bakin farfelar turbo kamar sanfefa. Buɗaɗɗiyar filta mai siffar mazurari da ake sayarwa a matsayin ƙarin ƙarfi tana shaƙar iskar zafi ta cikin bonet, waɗanda ake shafa wa mai kuma man nasu na ƙarewa ne a kan wayar.

Idan za a wanke na'urar, akwai feshi na musamman da aka yi dominta. Ba a taɓa wayar da yatsa ko burushi, ba a zuba mata fetur ko maganin wanke kafireto, kuma sai ta bushe sarai kafin a mayar.

Kafin a kashe kuɗi

Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da na fetur a Turai tun 2001 da na gazuwal tun 2004, suna da soket ɗin da ake jona kwamfutar bincike, wadda makanikai ke kira valis. Lambobi P0100 zuwa P0104 suna nuni ga na'urar ko wayoyinta, P0171 ƙarancin mai, P0172 yawan mai, P0299 kuma ƙarancin matsin turbo. Amma lamba tana faɗin inda aka ji ciwo ne kawai. Tsagaggen tiyo na iya haifar da P0101 alhali na'urar ba ta da laifi, kuma canza ta a nan barin jaki ne ana dukan taiki.

Makanikin da ya san aikinsa yakan fara da duba filta, tiyo da maɗaurai, ya toshe bututun ya hura masa iska don jin inda ke ɗiga, sannan ya karanta abin da na'urar ke bayarwa. Injin fetur mai lita 2 da ya yi zafi yakan nuna kusan giram 2 zuwa 4 a daƙiƙa ɗaya a silo, adadin kuma ya hau sumul idan aka taka totur. In har ta tabbata ta mutu, lambar da ke jikinta ake bi wajen sayen wata, domin biyu na iya kama da juna a ido amma karatunsu ya sha bamban.

Ga mazauna waje da ke shirin turo mota gida, motar da bututun iskarta ke yadda masana'anta ta ƙera shi ta fi sauƙin riƙo fiye da wadda aka yi wa gyare-gyaren tsere, domin masu iya sake saita ƙwaƙwalwa ba su da yawa. Sanya filtar iska biyu ko uku na asali a cikin but kafin a loda motar a jirgi ƙaramin kuɗi ne idan aka kwatanta da kuɗin sabon turbo ko sauke inji.