Girgizar Bututun Haƙa a Rijiyoyin Mai na Cikin Teku da Hanyoyin Rage Ta

Gabatarwa

Tun shekarar 1947, lokacin da kamfanin Kerr-McGee ya haƙa rijiyar mai a Tekun Meziko, a inda ba a hango gaɓa, masu neman man fetur suke ta ƙara kutsawa cikin teku. A Nijeriya ma, filin mai na Bonga, wanda ya fara ba da mai a 2005, yana da nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓa, zurfin ruwan wurin kuwa ya haura mita 1,000. Daga cikin matsalolin da ke addabar wannan aiki akwai girgizar bututun haƙa.

Tushen Matsalar

Bututun haƙa jerin bututan ƙarfe ne, kowanne tsawonsa kimanin mita 9, waɗanda ake ɗaurawa baki da baki har su kai kilomita 3 ko fiye. A can ƙasa akwai waɗansu masu kauri da nauyi, sa'an nan kan haƙa mai cin dutse. Injin da ke juya su duka yana sama. To, ƙarfen da faɗinsa bai fi inci 5 ko 6 ba, in ya yi wannan tsawo, halin igiya yake ɗauka, watau yana murɗewa, yana miƙewa, yana kuma lanƙwasa.

Ire-iren Girgizar

Masana sun kasa ta gida uku. Ta farko ita ce ta sama da ƙasa, inda kan haƙa ke tsalle a kan dutse kamar taɓarya a turmi. Ta biyu ita ce ta murɗewa: kan ya cije a dutse ya tsaya cik, alhali inji na ci gaba da juyi a sama, har bututu ya murɗe tamau, sa'an nan kan ya kuɓuce da gudun da ya ninka na injin sau biyu ko fiye. Ta uku ita ce ta gefe, inda bututu ke kauce wa tsakiya yana dukan bangon rijiya, kamar mazarin da ya karkace. A teku kuma ga ƙari, domin igiyar ruwa na ɗaga jirgin haƙa tana sauke shi, nauyin da ke kan dutse yana ta sauyawa.

Ɓarnar ba kaɗan ba ce. Haƙoran daimon na kan haƙa suna gutsurewa, na'urorin awo suna lalacewa, bututu kuma kan tsinke a mahaɗa. Fito da jerin bututu daga rijiya mai zurfi kan ci sa'o'i masu yawa, ga shi hayar jirgin haƙa takan kai dala dubu ɗari da yawa a rana guda.

Hanyoyin Ragewa

Babban makamin mahaƙi shi ne daidaita abu biyu, nauyin da ya sakar wa kan haƙa da saurin juyi. In murɗewa ta taso, sai ya rage nauyi ya ƙara sauri. In ta gefe ce, sai ya rage sauri ya ƙara nauyi. Ashe ke nan maganin wannan shi ne mai tayar da waccan, an gudu ba a tsira ba. Saboda haka tilas ya nemi tsaka-tsaki, in abin ya faskara kuma ya ɗaga kan daga dutse, ya bari girgizar ta lafa, ya sake farawa.

Kayan aiki ma suna taimakawa. Akwai zobba masu fiffike da ke riƙe bututu a tsakiyar rijiya, da na'urar shanye tsalle, da kuma wadda ke sassauta bututu ko ta ja shi gwargwadon hawa da saukar jirgi. Kamfanin Shell ya fito da tsarin Soft Torque, wanda ke sa inji ya sassauta kaɗan idan bututu ya fara murɗewa, ta yadda murɗewar za ta mutu a sama maimakon ta koma ƙasa. Bugu da ƙari, na'urorin da ke kusa da kan haƙa suna auna girgiza, su aiko da labari ta hanyar bugun matsin lakar da ake turawa cikin bututu.

Kammalawa

A taƙaice, ba a iya kawar da girgiza gaba ɗaya muddin ƙarfe na cin dutse. Gwanintar mahaƙi ita ce ya gane wace iri ce ta taso kafin ya taɓa nauyi ko sauri, domin sai an san ciwo ake ba da magani.