Dashen Fitila: Sana'ar da Ke Sauya Fuskar Tsofaffin Motoci a Amurka

A watan Janairun 2022, a wani gwanjon motoci da aka yi a garin Kissimmee na jihar Florida, an sayar da wata Mercury ƙirar 1951 a kan kuɗi sama da dala miliyan 2. Abin da ya ba ta wannan daraja shi ne aikin hannu da wasu 'yan'uwa biyu, Sam da George Barris, suka yi mata a garejinsu da ke kusa da Los Angeles a 1952, bisa buƙatar mai ita, Bob Hirohata. Sun rage tsawon rufinta, sun ɗauko fitilun baya na Lincoln, da adon gefe na Buick, da zobban fitilun gaba na Ford ƙirar 1952, suka haɗe su a jiki ɗaya. Duk wanda bai san asalin motar ba zai rantse haka ta fito daga kamfani.

Wannan ɓoye haɗin shi ne gwanintar sana'ar baki ɗaya, kuma a wurin fitilun gaba aka fi gane gwani, domin su ne idanun mota.

Doka ce ta buɗe ƙofar, ba da niyya ba. Daga 1940 aka daidaita fitilar gaba ta motocin Amurka: zagayayya, faɗin inci 7, gilashi da ƙwai a rufe wuri guda. Tunda fitilar Ford da ta Buick da ta Chevrolet duk girmansu ɗaya, bambancin ya koma ga zoben da ke kewaye da ita da kuma siffar ƙarfen da ta zauna a ciki. Sai samarin Kalifoniya, waɗanda ba su da kuɗin sayen Cadillac, suka gane cewa za su iya shiga wurin da ake jibge matattun motoci, su yanko goshin wata mota mai tsada, su dasa wa tasu. Zobban Buick da Oldsmobile na tsakiyar shekarun 1950 sun yi farin jini sosai.

A 1957 wasu jihohi suka fara amincewa da ƙananan fitilu huɗu, biyu a kowane gefe, kuma a 1958 yawancin sababbin motoci da su suka fito. Nan take motocin da suka girmi wannan shekara suka zama tsohon yayi. Garejoji suka cika da masu son a faɗaɗa musu gaban mota a sa huɗu, wasu a jere, wasu ɗaya bisa ɗaya, wasu a karkace irin na Lincoln ƙirar 1958.

Aikin kansa yana cin haƙuri. Mai gyaran bodi zai fara da awo, ya yanka kwali daidai siffar wurin, sannan ya yanko ɓangaren da yake so daga jikin ɗaya motar, ya bar rarar ƙarfe a gefuna. Zai ɗora shi, ya ɗiga walda nan da can don ya tsaya, ya ja da baya ya duba: shin hagu da dama sun daidaita? Layin bonet ya bi? Taya za ta juya ba ta goga ba? Sai ya gamsu yake kama walda sosai, ita ma kaɗan-kaɗan, yana tsallakawa daga wuri zuwa wuri, domin kaurin ƙarfen bai wuce kusan milimita ɗaya ba, zafi na yi masa yawa sai ya lanƙwashe. Bayan haka guduma ta shiga, ana tare bayan ƙarfen da dunƙulen ƙarfe ana bugawa har ya kwanta.

Masu aikin farko da dalma suke cike gurbin haɗin. Sandar takan ƙunshi kashi 70 na dalma da 30 na kuza. A gasa ta da wuta har ta yi laushi kamar man shanu, a shafe ta da ɗan katako da aka tsoma a kitse, in ta huce a goge. Daga tsakiyar shekarun 1950 Bondo da ire-irensa, wato abin cike gurbi na roba, suka fara maye gurbinta, saboda sauƙi da araha. Masu riƙe da dalma har yau suna cewa ta fi jure girgiza a gefuna, amma ƙurarta guba ce, don haka ba a goge ta da injin gurza.

Akwai ƙananan abubuwa da ke raba gwani da ɗan koyo. In an narke zobe ya zama ɗaya da bodi, ba sauran kwance fitilar daga gaba, dole a juya mazauninta yadda za a cire ta ta baya, ta wajen taya. Dole a bar hanyar saita haske, kar ya riƙa kashe idon masu tahowa. Dole kuma a huda ƙaramin rami a ƙasa don ruwa ya fita, in ba haka ba tsatsa ta cinye aikin daga ciki.

Mai karatu a Kano ko Abuja ya san ɗan'uwan wannan aiki, inda ake sauya wa tsohuwar Land Cruiser ko Lexus fitilu da bamba ta koma kamar sabuwar fita. Sai dai a nan yawanci kayan da aka ƙera don hakan ake ɗaurawa da noti, a can Amurka kuwa yanka ne da walda, kuma burin shi ne a samar da motar da babu irinta.

A Amurka akwai masu adawa, waɗanda ke ganin yanka tsohuwar mota lafiyayya ɓarnar tarihi ce. Amma a 2017 an shigar da Mercury ɗin Hirohata cikin rajistar motocin tarihi ta ƙasar, kuma aikin da aka yi mata da zarto da walda ne ya kai ta can.