Wa Ke Riƙe da Maganaɗisun Talabijin?

A shekarar 1965 wani mai fasaha ɗan asalin Koriya, Nam June Paik, ya ɗora ƙaton maganaɗisu a kan akwatin talabijin, nan take hoton ya murɗe ya koma zane-zane. Abin da na fahimta daga aikin nasa shi ne, hoton da mai kallo ke gani yana bin hannun wanda ya fi kusa da akwatin. Mu mutanen Zamfara mun ga wannan da idonmu a 2022.

A watan Yuli BBC ta fitar da fim kan 'yan bindigar jiharmu, har da hira da Ado Aleru, wanda a watan ne aka naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji ta ƙaramar hukumar Tsafe. A wayar hannu na kalle shi, a wata majalisa a Bungudu, muka tashi jikinmu a sanyaye. Ban ji daɗin yadda aka bar mai kisa yana baje kolinsa ba, amma a nan na ji muryar talakawan da ba a cika nuna su a labarai ba. A watan Agusta hukumar NBC ta ci tarar Naira miliyan 5 kan kowanne daga kamfanonin da suka haska shi, haka ma Trust TV saboda nata shirin.

A watan Oktoba kuma gwamnatin Bello Matawalle ta rufe NTA Gusau da Pride FM da Gamji TV da wasu tashoshi, saboda sun ɗauki taron PDP alhali an hana gangamin siyasa. NBC ɗin ce ta ce matakin ya saɓa doka, gwamnati ta janye tare da neman afuwa. A 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce NBC ba ta da hurumin cin tara.

Dauda Lawal, wanda taronsa ya jawo rufewar, shi ya lashe zaɓen gwamna a 2023. Shawarata gare shi da duk mai mulki ita ce su bar tashoshi su nuna ɗan adawa da ɗan gudun hijira, domin rufe tasha ba ya mayar da manomi gonarsa. Mu kuma masu kallo, kafin mu gaskata hoto, mu tambayi wanda ya ɗauka, da wanda ya biya, da abin da aka yanke. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.