Yadda Ake Auna Nauyin Jariran Taurari a Gajimaren Oriyon



A daren hunturu, in hazo ya lafa, ku nemi Kaza da 'Ya'yanta a sama. Kudu maso gabas da ita akwai taurari uku a jere, reras. Kudu da su kuma za ku ga wani ɗan dishi-dishin haske. Wannan shi ne gajimaren Oriyon, tarin ƙura da iskar gas inda ake haihuwar taurari. Hasken da ke shiga idonku daga can ya yi tafiyar shekara kusan 1,350.

A tsakiyar gajimaren akwai manyan taurari huɗu da ake kira Tirafiziyom. Galileo ya hango uku daga cikinsu a 1617. Babbansu ya ninka ranarmu nauyi fiye da sau 30, kuma yawancin taurarin da ke kewaye da shi shekarunsu ba su wuce miliyan ɗaya ko biyu ba. Ranarmu kuwa ta kai shekara biliyan 4.6.

Me ya sa masana suka damu da nauyi? Domin nauyin da tauraro ya zo da shi duniya shi ke yanke masa tsawon rai. Mai nauyi sosai yana cinye makamashinsa cikin 'yan miliyoyin shekaru, ya fashe. Irin ranarmu takan kai shekara biliyan 10. Wanda nauyinsa bai kai kashi 8 cikin 100 na rana ba, ba ya iya kunna wutar haidurojin a cikinsa. Sai ya yi ta hucewa sannu a hankali.

To, ba sikelin da za a ɗora tauraro. In biyu ne suna zagaya juna, nisan da ke tsakaninsu da tsawon lokacin zagayen sukan ba da nauyinsu ta lissafi. In shi kaɗai ne, sai a yi abin da dillali ke yi a kara, ya dubi sa ya kiyasta namansa: a auna haskensa da zafinsa, a gwada da lissafin yadda taurari ke girma. Nan ne kuskure ke shiga, don ƙura na dusashe hasken, shekarun jaririn tauraro kuma ba a cika tantance su ba.

Na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, tana ganin hasken infared da ke ratsa ƙurar. A 2023, Samuel Pearson da Mark McCaughrean na hukumar sararin samaniya ta Turai suka sanar da ganin kusan tagwaye 40 a Oriyon, masu nauyi irin na duniyar Jufita, suna yawo bibbiyu ba tauraron da suke zagayawa. Lissafin da aka sani bai nuna yadda ƙananan abubuwa haka za su samu bibbiyu ba. Wasu masana sun ce da yawa daga cikinsu taurari ne na can baya da ƙura ta rage wa haske.

A ganina wannan gardama alheri ce, don ita ke sa a koma a sake awo. Tsaga hasken kowannensu launi-launi shi zai raba gardamar.