Gidan Ƙauye da Filin Gona a Kewayen Tamale: Tace Gaskiya Daga Jita-Jita

Tun da gidajen gado na tsofaffin unguwannin Tamale irin su Zogbeli da Aboabo da Sabonjida suka cika suka batse, idon masu neman muhalli ya koma kan ƙauyukan da ke bakin hanyoyin Nyankpala da Kumbungu da Savelugu da Yendi, inda dillalai ke tallar gidaje da fulotai a kan kuɗin da bai kama ƙafar na cikin gari ba. Wannan araha ita ta haifi maganganu masu karo da juna, domin yayin da wasu ke rantsuwa cewa gidan da aka gina a filin gona ba ya halatta sai ga manomi, wasu cewa suke yi da zarar an kai wa sarki goro ya ba da takarda to magana ta ƙare, kuma kowane ɓangare yana riƙe da guntun gaskiya wanda ya ɗauka ita ce gaba ɗayanta.

Zancen cewa sai manomi ne zai zauna a irin wannan gida yana da asali, amma asalinsa ba a Gana yake ba. A Ingila, tun bayan dokar tsara birane da karkara ta 1947, ba a yarda a gina sabon gida a tsakiyar gonaki sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma dalilin da hukuma ta fi karɓa shi ne bukatar ma'aikacin gona ya kwana kusa da dabbobinsa. Saboda haka akan haɗa izinin ginin da sharaɗin cewa mai zama a gidan ya kasance wanda noma ko aikin gandun daji a wannan yanki ne babbar sana'arsa, ko wanda sana'arsa ta ƙarshe ke nan kafin ya ajiye aiki, ko matar da ya mutu ya bari ko mijin da aka bari, tare da waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsu. Sharaɗin yana bin gidan ne duk hannun da ya shiga, kuma bai hana kowa saye ba, zama kawai ya taƙaita, shi ya sa irin waɗannan gidaje ke faɗuwa ƙasa da farashin kasuwa. Dokokin Gana ba su kafa tsari irin wannan ba: malamin makaranta ko tela ko mai sayar da kayan gyaran babur daga Zogbeli yana iya zama a gidan da ke Tolon ko Nanton ba tare da ya taɓa riƙe fartanya ba. Takunkumin da ke arewacin Gana yana kan ƙasar da gidan ke tsaye a kai, wato wane ne mai ita da kuma abin da aka ware ta dominsa, kuma ta wani fannin ya fi na Ingila nauyi.

Kuskure mafi yaɗuwa shi ne ɗaukar cewa wanda ya biya kuɗin fili ya mallake shi har abada. A ƙasar Dagomba sarauta ce ke riƙe da tushen mallakar ƙasa a madadin al'umma, daga Ya-Na da ke Yendi zuwa sarakunan da ke ƙarƙashinsa irin su Gulkpe-Na da Sagnari-Na, kuma da yake sarakunan arewa a kan fata suke zama, ba a kan kujera irin ta Asante ba, doka tana kiran wannan ƙasa filin fatar sarauta, tana kuma yi mata hukunci ɗaya da filin kujerar sarauta na kudu. Sashe na 267 na kundin tsarin mulkin 1992 ya haramta a ba kowa mallaka ta dindindin a irin wannan fili, kuma Dokar Filaye ta 2020 ta maimaita haramcin, ta faɗaɗa shi har zuwa filayen dangi da na zuri'a. Abin da mai saye ke samu haya ce ta dogon zango, wadda a al'adar aiki kan kai shekara 99 idan filin zama ne, tare da kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ake biya ta Ofishin Mai Kula da Filayen Sarauta. Kundin ya ma fayyace rabon wannan kuɗi: ofishin yana ɗaukar kashi 10 cikin 100 domin gudanarwa, ragowar kuma a ba fatar sarauta kashi 25, masarautar gargajiya kashi 20, majalisar gunduma kashi 55. Kuɗin goron da ake miƙawa a fada, duk da cewa a yau ya zama farashi a zahiri, bai shafe wannan nauyi ba. Sai dai tsoron da wasu ke yaɗawa cewa ranar da wa'adi ya cika sarki zai kwashe gidan da jikokin da ke ciki shi ma ya zarce gaskiya, domin dokar 2020 ta ba ɗan ƙasar Gana da ya karɓi fili fayau ya gina shi haƙƙin sabunta hayar.

Akwai kuma dattawan da har yanzu ke cewa ƙasar arewa duka ta gwamnati ce, don haka sa hannun sarki ado ne kawai. Wannan magana ta taɓa zama gaskiya. Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka mayar da hedikwatarsu ta arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, sun sa filayen yankin ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Kwame Nkrumah kuma ta ci gaba da riƙe su da sunan shugaban ƙasa, har sai da kundin tsarin mulkin 1979 ya mayar da su hannun masu su na asali, abin da sashe na 257 na kundin 1992 ya sake tabbatarwa. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne filayen da ta karɓa bisa doka domin amfanin jama'a, irin su barikin soja da filin jirgin sama da makarantu, kuma wanda ya sayi fuloti a gefen irin waɗannan wurare ba tare da ya binciki iyaka a Hukumar Filaye ba ya ɗauki kasada mai girma.

Game da takardar da sarki ke bayarwa, wadda ake kira takardar rabon fili, ba daidai ba ne a ce banza ce, kuma ba daidai ba ne a ce ta wadatar. Shaida ce cewa fada ta nuna wa mutum wuri, kuma ita ce matakin farko da ba a tsallake shi, amma kotunan Gana ba su ɗauke ta a matsayin takardar da ke miƙa haƙƙin fili ba, musamman da yake sau da yawa ba ta fayyace tsawon wa'adi ko irin haƙƙin da aka bayar. Sai an kawo safiyo mai lasisi ya auna ya fitar da taswirar filin, an rubuta yarjejeniyar haya da sa hannun masarautar da ke da iko, Hukumar Filaye ta yankin ta amince ta yi rajista, sannan haƙƙin mai saye ke tsayawa da ƙafarsa. Yawancin rigingimun sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu a cikin wannan tazara suke faruwa, tsakanin ranar karɓar takardar fada da ranar rajista, tazarar da mutane da yawa ke barin ta ta kai shekaru saboda gudun kashe kuɗi. Dokar 2020 ta ayyana sarki a matsayin mai riƙon amana wanda ke iya fuskantar tara ko ɗauri idan ya ci amanar, amma hukunta mai laifi daban, dawo da filin da wani ya riga ya yi wa rajista daban.

Batun da ya fi taɓa zuciyar mazauna zango shi ne raɗe-raɗin cewa baƙo ba ya samun ƙasa a ƙauyen Dagomba. A nan an cakuɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Bahaushen da kakanninsa suka zo ta hanyar fataucin goro na Gwanja, ko suka watso daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, al'ada tana iya ci gaba da kiransa baƙo, amma in ɗan ƙasar Gana ne to yana da ikon karɓar haya mai tsawo kamar kowa. Wanda aka taƙaita shi ne wanda ba ɗan ƙasa ba, ko daga Kano ya fito ko daga Maraɗi ko daga Landan, domin sashe na 266 na kundin 1992 ya hana a ba shi hayar da ta wuce shekara 50 a lokaci guda, kuma ba a sabunta masa sai in yarjejeniyar ta faɗi haka ƙarara. Inda maganar baƙunci ke da tushe shi ne gonar gado. Ɗan gari yana da haƙƙin moriya, wato ikon noma da zama a ƙasar sarautarsu wanda ake gada daga uba zuwa ɗa, kuma doka ta yarda ya miƙa shi ga wani, sai dai idan mai karɓar ba ɗan al'ummar ba ne dole a samu rubutaccen yardar masarauta a kuma cika abin da al'ada ta tanada. Don haka manomin da ya sayar wa ɗan birni gidansa da gonar da ke kewaye da shi a bayan idon fada ya sayar da abin da ba shi kaɗai ke da ta cewa a kansa ba. Abin lura, wanda kaɗan ne suka san da shi, shi ne dokar 2020 ta ba baƙin da suka zauna a wuri shekara 50 ko fiye da izinin masu ƙasa wannan haƙƙin moriya, matuƙar ba a kan wasu sharuɗɗa na musamman aka zaunar da su ba.

Sai kuma takunkumin da ya fi kusa da na Ingila, wanda dillalai suka fi son a manta da shi. Yardar sarki ba ta mayar da filin gona filin gini. Ƙarƙashin dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, majalisar birni ko ta gunduma ce ke ware wuri ta ce nan na zama ne, nan na noma, nan hanyar ruwa ko fili na jama'a, kuma babu ginin da ya halatta sai da izininta. Shi kansa sashe na 267 na kundin 1992 ya ce ba a raba filin sarauta sai Hukumar Filaye ta tabbatar rabon ya dace da tsarin da aka zana wa wurin. Ana iya neman a sauya wa fili manufa, amma nema ne wanda ake iya ƙi, ba haƙƙi ba ne da ke zuwa tare da rasit. Wannan ya fi shafar fadamu da bakin madatsun ruwa irin na Gumbihini da Bulpela, inda masu lambu ke noman kabeji da latas da alayyafo suna ciyar da kasuwannin gari, kuma inda gine-gine suka daɗe suna cin gonaki da kaɗan-kaɗan. Fuloti a irin wannan wuri yana da araha ne saboda dalili, kuma damina ce kan bayyana dalilin. Haka nan filayen noman rani na Bontanga da Golinga da Libga, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar raya noman ban-ruwa ta ƙasa, rabawa ake yi domin a noma, ba kadara ba ce da mai riƙe da ita zai sayar a kafa tubali.

Masu cewa daɗewa tana wanke kowane gini sun jingina ne da wani abu na gaske da suka fahimta a karkace. A Ingila, wanda ya karya sharaɗin zaman manomi shekara 10 a jere ba tare da hukuma ta ɗauki mataki ba yana iya neman takardar halatta zamansa. A Gana abin da ake da shi dokar ƙayyade wa'adin ƙara ce ta 1972, wadda ta hana mai fili neman filinsa a kotu bayan wani ya mamaye shi a fili ƙarara shekara 12, kuma wannan hukunci ne tsakanin masu jayayya biyu a kan mallaka, bai zama izinin gini daga majalisa ba, bai kuma taimaki wanda ya shiga filin da yardar mai shi a matsayin aro ba.

Shi ma manomin da gari ya cim masa yana da nasa kason na jita-jita, domin an saba gaya masa cewa idan sarki ya kira safiyo aka yanka gonarsa fulotai ba shi da abin cewa. Dokar 2020 ta amince wa masarauta ta karɓi gona domin faɗaɗa gari da amfanin al'umma, amma ta ɗaure ta da biyan diyya cikin hanzari wadda ba za ta gaza kashi 40 cikin 100 na fulotan ko darajarsu a kasuwa ba, ko kuma a ba shi wata ƙasar da ta dace a madadi. Wannan tanadi ya shafi mai saye kai tsaye, domin fulotin da aka yanka daga gonar da ba a sallami mai ita ba yana zuwa ne da mai ƙorafi a bayansa, kamar yadda gidan da ma'aurata suka samu a lokacin aurensu ba ya sayuwa da sa hannun ɗayansu kaɗai sai da rubutaccen yardar ɗayan.